Rasuwar Gwaggo, Firintar Ofishin Ƙididdiga

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da hannu mai cike da tawada, Malam Lissafi na sashen ƙididdigar kamfanin jirgin sama yana sanar da 'yan uwa da abokan aiki rasuwar Gwaggo, tsohuwar firintar ofis. Ta cika ranar Litinin da hantsi, a kan teburinta na kusa da taga, bayan shekara goma sha huɗu tana fitar da rahoton wata-wata.

Marigayiya mai haƙuri ce, mai rufin asiri. Duk ƙarshen wata Malam zai zuba mata takarda, ta yi gyaran murya, ƙirrr, ƙat-ƙat, ta fito da yawan fasinjoji da kujerun da aka cika. Ba ta taɓa tambayar kowa daga ina lambobin suka fito ba. Lokacin da jiragen kamfani suka koma biyu daga biyar, ita ta buga cewa an "tsuke ayyuka don ƙara inganci", ko tari ba ta yi ba. Da aka buɗe sabuwar hanya, jirgi ya tashi da mutum tara, huɗu daga ciki surukan manaja, ta buga "karɓuwa ta ban mamaki" da manyan baƙaƙe.

Ciwon ajali ya faro makon jiya. Fasinjojin watan sun ragu ƙwarai, ga masu zuba jari za su zo taro. Manaja ya sauko da kansa, abin da bai taɓa yi ba, ya tsaya a kan Malam yana kallon layin ƙididdigar da ya yi ƙasa a fuskar kwamfuta.

"Malam, waɗanda suka sayi tikiti suka fasa fa? Ai sun yi niyya. A sa su."

"Ranka ya daɗe, ba su hau ba."

"Ni ma ban ce sun hau ba. Na ce a sa su."

Malam yana da 'ya'ya biyar da shekara biyu kafin ritaya. Ya sa su. Ya danna maɓallin bugawa. Gwaggo ta ja takarda, ta buga sunan kamfani, ta buga sunan wata, ta iso kan lambar, sai ta yi wani nishi da ba a taɓa jin ta yi ba. Ƙauri ya tashi. Mai gyara ya zo, ya buɗe cikinta, ya girgiza kai ya ce irin kayanta an daina yi tun yana makaranta.

Taro bai jira ba. Manaja ya ce Malam ya shigo ya karanta da baki. Malam ya shiga rungume da littafinsa na rubutun hannu, inda gaskiyar take. Ya nemi ƙaryar a kansa, ya rasa inda ya ajiye ta, sai ya karanta abin da ke gabansa. Wani mai zuba jari ya cire tabarau. Manaja ya sha ruwa kofi biyu. Washegari aka yi wa Malam "ƙarin girma" zuwa ɗakin jakunkunan da suka ɓace, inda ba taga, ba fanka.

Marigayiya ta bar kwamfuta guda mai ciwon mantuwa, da wayar wuta da aka naɗe da salatif, da rabin bandir na takarda da suka zama marayu. Ta bar kuma Malam, wanda ya ce tun da ya fara aiki bai yi barci mai daɗi irin na wannan makon ba.

Ana karɓar gaisuwa a sabon ofishinsa, bayan ma'aunin kaya. Za a kai ta makwancinta a sito na bayan garejin jirage ranar Alhamis da ƙarfe goma na safe. Sai dai kamfani ne ya ɗauki nauyin jigilar gawar, don haka ana shawartar masu rakiya su zo da tabarma, da abinci, da kayan canji na kwana biyu.