Yadda Za Ka Shirya wa Annoba da Gwangwanin Fenti Ɗaya

Kai da aka damƙa wa makullin siton ƙaramin asibiti, share hawayenka. An ce baƙuwar mura ta ɓulla tana toshe ƙirji, manya kuma na tafe daga babban birni Dhaka su duba ko kun shirya? Ni Mofizul, shekara ashirin da biyu ina riƙe da siton asibitin Kashimari na bakin kogi. Tawaga tara na tarba, ba wadda ta tafi ba ta yaba mana ba. Bi matakan nan, in ba ka sami takardar yabo ba, zo ka aske mini gemu.

1. San abin da aka zo dubawa

Takardarsu ta ce a ga tukunyar iskar numfashi guda shida. Karanta ta sama da ƙasa, ko layi ɗaya bai ce sai da iska a ciki ba. Wanda ya rubuta ya san ƙasarsa, kada ka fi shi zaƙewa.

2. Ari abin da ba ka da shi

Mu tukunya ɗaya tak gare mu mai iska, ita ma tana da mai ita. Malam Hobibar ne, tsohon malamin firamaren da ya koya mini riƙe alli, kwanansa huɗu a kwance da sabuwar murar. Da tukunyar nan yake numfashi. In an cire masa, sa'a guda yake iya jurewa, ita ma da ƙyar.

Sauran biyar ɗin, fanko, sai ka aro. Haka asibitocin bakin kogin nan muke yi tun ba yau ba: tawaga na tahowa a mota, tukwane na riga ta isa a jirgin ruwa. Yau Kashimari, gobe Bakultola. Tukwanen nan sun fi kowane likita sanin gundumar.

3. Shafa fenti

Nas ɗinmu ta rubuta "mai iska" da alli a jikin tamu. Da shugabanmu Likita Tofazzal ya gani sai ya dafe kai.

"Mofiz, in ɗaya ta ce tana da iska, sauran biyar me suke cewa ke nan?"

Kai, karatu ya yi rana! Duk ka shafe su, baƙi ƙirin daga sama har ƙasa, su zama kamar uwa ɗaya ta haife su. Tamu a gefen gadon Malam na shafe ta. Warin ya sa shi tari, da ya lafa ya dube ni ya ce, "In ya ragu ni ma a shafa mini, ko na ci jarrabawar."

4. Kawar da marasa lafiya

Ba abin da ke ɓata asibiti kamar mara lafiya. Ga tari, ga majina, ga 'yan uwa da kwanonin shinkafa. Safiyar ranar, kwashe su zuwa rumfar baya inda ake shanya, ka gungura tukunyar ta shiga sahun 'yan uwanta.

A nan wani zai tare ka. Ni Shefali ce ta tare ni, 'yar Malam.

"Kawu Mofiz, ina za ka kai numfashin Baba?"

"Aro ne, 'yata. Sa'a guda kacal."

"Ka rantse."

Rantse. Ka miƙa mata mafici, kada ka kalli idonta.

5. Cika wa baƙi ciki

Sarƙar furanni a wuya, sannan shinkafa da kifin ilish, sannan alawar madara. Kowa ya cire takunkumi a ɗauki hoto, ai ba a yaƙi da annoba fuska a rufe. Shugaban tawaga ya ƙwanƙwasa tukunya ɗaya da zobensa ya ce ko a Dhaka sai haka.

Hattara da sabon shiga. Wata 'yar ƙaramar likita a cikinsu ta ce a buɗe ɗaya ta gani. Likita Tofazzal ya yi murmushi ya ce, "Ranki ya daɗe, kifi zai huce." Shi ke nan maganar ta mutu.

Sa'a guda za ta zama uku, don babba ba ya barin shayi na biyu. Kada ka leƙa rumfar baya.

6. Mayar da aro kan lokaci

Motarsu na tashi Kuddus mai jirgi ya hau ihu daga gaɓa: "Ku yi sauri, malalata, Bakultola na jira!"

Tukwane shida, duk iri ɗaya, mai hoto kuma ya sake musu jeri. Ni na san tamu ce a ƙarshen hagu. Na ce a loda biyar, na gungura ɗayar da gudu zuwa rumfa, na ɗaura mata agogon awon iska, na murɗa. Allura ko motsi. Na sake murɗawa har tafin hannuna ya sale.

Kafin na kai gaɓa jirgi ya sha kwana. Na buga wa Kuddus, ƙarar inji ta hana shi ji. Na buga wa mai siton Bakultola ina roƙo, wallahi har da kuka. Ya ce, "Haba Mofiz, kai fa ka koya mana aikin nan. Gobe da safe suke zuwa, suna tafiya zan aiko maka."

Malam bai kai magariba ba.

7. Rataye takardarka

Takardarmu ta yabo ta iso bayan mako biyu: na ɗaya a gunduma wajen shirin annoba. Sa ta a gilashi, ka kafe ta can sama inda hannu ba ya kaiwa.

Gargaɗi

Ni dai hanya na nuna, ban tura ka ba. Abin da ya biyo baya tsakaninka da Ubangijinka ne, babu ruwana, babu ruwan Likita Tofazzal. In bayan sadakar arba'in wata yarinya ta tsaya a ƙofar sitonka, ba zagi ba kuka, ta ce, "Kawu, ya sha tambayata ko sa'a gudan ta cika, me ya kamata na ce masa?", kada ka zo wurina neman amsa. Ni ma da makulli a hannu na tsaya har ta gaji ta tafi.