Motar da Za Ta Kai Iya Sansanin Alhazai

A unguwarmu a Malumfashi akwai wa da ƙane, Lurwanu da Nafi'u, waɗanda ko a kan gishirin miya sai sun yi musu. Bana kakarsu Iya Tabawa ta samu kujerar Makka, sai musun ya samu wurin zama: a motar wa za a kai ta sansanin alhazai a Katsina? Kada ka ɗauka ƙaramar magana ce. Ita ta rene su duka biyun, kuma a gidansu wanda ya kai maniyyaci sansani shi ne farkon wanda ake ambata a addu'a, shi ne kuma dangi za su yi ta nunawa har wata shekara.

Lurwanu tsohuwar mota gare shi mai silinda shida, irin wadda in ya tashe ta da safe kajin maƙwabta ke watsewa. Nafi'u kuwa bai daɗe da sayen tasa ba, 'yar dumbul, ƙaramin inji mai turbo. Wanda duk ya yi kuskuren gaishe shi sai ya buɗe masa bonet ya yi masa lacca: wai hayaƙin salansa ne ke juya wata 'yar farfela, ita kuma ta cusa wa injin iska, sai ƙaramin inji ya yi aikin babba ba tare da ya sha mai ba. Ni kaina na saurari wannan karatu har na kusa haddace shi, kuma ko keke ba ni da shi.

Lurwanu ya ce wannan duk zancen takarda ne. Injin da sai an yi masa fifita kafin ya ja, ina zai iya da Iya da jakunkunanta da 'yan rakiya? Nasa numfashin kansa yake yi, ko man gefen titi aka zuba masa haɗiyewa yake bai ce uffan ba. Nafi'u ya ce ai haɗiyar ce matsalar, motar da in ta hango gidan mai take rage gudu da kanta.

Da surutun ya ishi Iya, sai ta kira su, da yake tsakanin kaka da jika ba a rasa tsokana, ta ce tun da mazajen nata biyu sun kasa sasantawa, kowa zai ɗana ta a motarsa ta ji da jikinta. Lurwanu ya kai ta bita, Nafi'u ya kai ta allurar rigakafi.

Tafiyar Lurwanu lafiya lau. Mota tana gurnani a hankali, Iya har gyangyaɗi ta yi. Abin da ya ɓata masa rawar gaban hantsi shi ne a 'yar wannan tafiya sai da ya ratse gidan mai, a dawowa ma ya sake ratsewa, yana ƙunƙuni yana lalube aljihu.

Ranar Nafi'u kuwa ya wanke mota, ya fesa turare, ya kunna sanyi. Da suka hau kwalta suka tarar da tirela a gabansu, sai ya ga ga ranar nuna bajinta. Ya taka totur. Mota ta yi jim kamar tana shawara, Iya har ta buɗe baki za ta tambaya ko mai ne ya ƙare, sai injin ya yi wani fito, mota ta zabura. Bayan Iya ya manne da kujera, ɗankwali ya zamo, goron da ke bakinta ya wuce ba ta tauna ba. Matar Nafi'u da ke baya ta ce tun daga nan har asibiti salati kawai tsohuwar ke yi. Shi kuwa gogan murna yake, a zatonsa jinjina ce.

Da yamma aka taru a tsakar gida don jin hukunci. Iya ta gyara zama a kan tabarma, ta ce ita dai motar Lurwanu za ta shiga.

Wallahi na tausaya wa Nafi'u, don fuskarsa ta nuna abin ya taɓa shi. Ya durƙusa gabanta ya ce, "Haba Iya. Motar da sai ta gaisa da kowane gidan mai kafin Katsina?"

Ta ce, "Ango, ai abin da ya burge ni ke nan. Ni tsohuwa ce. Inda duk ta tsaya shan nata, ni ma na sauka na miƙe ƙafa, na kama ruwa."

Aka kwashe da dariya, Lurwanu har da gyaran hula. Amma Nafi'u bai saduda ba. Ya koma rarrashi, ya ce ta duba lokaci, jirgi ba ya jiran kowa, in yayansa ya tsaya layin mai sai dai ta ji labarin tashin 'yan'uwanta a rediyo.

"Iya, ki yarda da ni. Da tawa, kafin ki gama jan carbi na kai ki."

Iya ta dube shi sama da ƙasa, ta ce, "Na sani, ɗan nan, ai na gani. Ɗakin Allah na yi niyyar zuwa, ba wurin Mai ɗakin ba tukuna."