Fushin da Malam Ya Zaɓa

Ku tsaya ku ji ta wani maƙwabcina, malamin kwaleji mai koyar da ilimin halayyar ɗan Adam. Mutumin kirki ne wallahi, matsalarsa ɗaya, ba ya barin karatu a aji, sai ya taho da shi gida. Abin da ya fi nacewa a kai shi ne wai babu mai iya ɓata wa wani rai. Abu dai yakan faru, mutum ne da kansa ke zaɓar ya yi fushi ko ya yi dariya. To ran Talata ya sauke matarsa Uwani a gidan suna, ya ce zai dawo ɗaukarta da la'asar, ya mance da baiwar Allah shaf. Haka ta tako a ƙasa cikin ruwan sama, ta iso gida sharkaf, tana huci.

Ta ce, "Malam, yau kam ka ɓata min rai!"

Gogan naka ko a jikinsa. Ya gyara tabarau ya ce, "A'a Uwani, ni mantuwa kawai na yi. Fushin ke kika zaɓa."

Ta juya ta shige ɗaki. Ni da na san Uwani, na tabbata maganar ba ta ƙare nan ba.

Ana nan sai gidan talabijin suka gayyace shi ran Asabar da safe, ya yi wa jama'a bayanin yadda ake danne fushi. Murna har kunne! Farar shaddarsa ta fita kunya guda ɗaya ce tak, ya miƙa mata ya ce a wanke a goge. Ita kuwa ta haɗa ta da sabon jan mayafinta mai zuba, ta jiƙa a baho ɗaya.

Asabar ta yi, motar gidan talabijin na ƙofar gida tana hon, Malam ya warware riga ya gan ta kamar an tsoma a zoɓo. Ihunsa har gidana.

"Uwani! Kin kashe ni! Da wannan zan fito duniya ta kalle ni? Wane irin wulaƙanci ne wannan?"

Ta leƙo daga kicin da ludayi a hannu, ta dube shi sama da ƙasa.

"Haba Malam, ni wanki kawai na yi, fushin kai ka zaɓa. Amma fa ka iya zaɓe, don ga idonka nan ya shiga da rigar."