Yadda Za Ka Samo wa Mai Fuska Goma Sha Biyu Hujja Cikin Kwana Bakwai

Kai da ka rubuta maƙala a kundin sani na intanet, ka wayi gari an liƙa mata sanarwa a goshi wai ba ta da hujja kuma ba a gane ta, share hawayenka. Ga matakai bakwai. In ka bi su sau da ƙafa, na yi maka alkawari babu mai goge maƙalarka, ko da kai da kanka ka dawo kana roƙon a taɓa ta.

An gwada su a kan mutum mai rai, wani tsohon malamin lissafi da ɗalibai suka laƙaba wa Malam Kusurwa. Shekara talatin da biyar ya yi yana cika allo da rubutu, ana gogewa kafin a tashi. Da ya yi ritaya, 'yarsa Auta, wadda ke koyarwa a makarantar da ya bari, ta kawo masa kwamfuta. Sai ya ƙudura zai rubuta abu guda da tsumma ba zai share ba. Ya zaɓi siffar nan mai fuska goma sha biyu, kowace fuska da gefe biyar, mai kama da ƙwallon da aka sassaƙe da wuƙa. Bai sa sunansa ba, ya shiga da laƙabin Mai Son Gaskiya. Sati bai zagayo ba wani edita da ke kiran kansa Jan Biro ya ba shi kwana bakwai: ko ya gyara bayani ya kawo hujja, ko a goge.

Mataki na 1: Fara da fushi

Kada ka karanta abin da edita ya ce har ƙarshe. Karanta layin farko, ka cire tabarau, ka tambayi bango ko shekarar Jan Biro nawa. Malam ya yi hakan, ya ƙara da zagaya tsakar gida sau uku hannu a baya. Kwana biyu cikin bakwai ya kashe a wannan mataki, kuma bai yi asara ba, domin fushi yana buɗe ƙwaƙwalwa.

Mataki na 2: Fayyace bayani har kai ma ka daina gane shi

An ce ba a gane maƙalarka? Laifin ƙananan kalmomi ne. Ƙaro manya. Jimlar farko ta Malam layi huɗu ce, ya mai da ita layi tara, sannan ya kira matarsa daga kicin ya karanta mata da muryar aji.

Ta saurara da ludayi a hannu, ta ce, "Malam, shi abin nan, ci ake yi ko sawa ake yi?"

"Siffa ce, Hajiya."

"To ka ce siffa ce mana. Ni na ɗauka cuta ce."

Kada ka karɓi shawarar irin wannan. In kowa ya gane, wa zai san ka yi karatu?

A nan ne kuma za ka zuba alƙaluma. Masu lissafi suna da ƙa'ida mai sauƙi: in kana son adadin gefunan irin wannan siffa, sai ka haɗa fuskoki da tsinaye, ka cire biyu. Malam ya koyar da ita ya fi sau dubu. Ya haɗa fuska goma sha biyu da tsini ashirin, ya sami talatin da biyu. Daidai nan Hajiya ta ƙwala masa kira cewa shayinsa zai huce. Ya je ya sha, ya dawo, ya rubuta gefe talatin da biyu, biyun da za a cire tana can a gindin kofi. Kai ma kada ka sake duba lissafinka. Masu shakkar kansu ne ke dubawa.

Mataki na 3: In babu hujja, haifi hujja

A kundin sani, abin da ka sani ba hujja ba ne. Abin da aka buga a takarda shi ne hujja. Saboda haka nemi mai injin buga takarda, in son samu ne ɗan uwa. Malam yana da ƙanin mata mai ɗan shagon ɗab'i a bayan kasuwa, inda ake buga katin gayyata da kalanda. Ya same shi tsakanin tulin takardu, hannu duk tawada.

"Yaya, littafi za ka yi? Shafi nawa?"

"Goma sha shida."

"Wannan ai bai kai kalanda ba. Wa zai karanta?"

"Ba don a karanta ba ne. Don a ambata ne."

Ƙanin ya yi dariya har da riƙe ciki, amma ya buga kwafi hamsin, bango mai sheƙi, da cikakken sunan Malam da jerin takardun shaidarsa a ƙasa. Abin da ke ciki kuwa maƙalar ce, ba a canja ko waƙafi ba. Ranar kwana na shida Mai Son Gaskiya ya kafa hujja da littafin a wuri goma sha ɗaya. Jan Biro ya cire sanarwar, har ya yi godiya da aka samo aikin ƙwararre. Malam ya yi murna irin wadda bai yi ba ko ranar da aka ba shi takardar yabo ta ritaya, ya ce wa Hajiya ta ƙaro shayi.

Lura: dokar kundin ta hana mutum kafa hujja da kansa. Shi ya sa Mai Son Gaskiya da marubucin littafin ba su san juna ba, ko a hanya ba sa gaisawa.

Mataki na 4: Bar hujja ta hayayyafa

Wannan mataki ba ya buƙatar komai daga gare ka sai zama. Cikin wata uku mujallar wata makaranta ta kwashe maƙalar ɗungurungum. Wani mai filin kacici-kacici a jarida ya kwasa daga mujallar. Wani edita mai himma ya tsinci su biyun, ya ƙara su a jerin manazarta. Yanzu talatin da biyu tana da shaidu uku, duk 'ya'yan Malam ne, duk sun rantse ba su taɓa ganinsa ba.

Mataki na 5: Guji kafinta

Nan Malam ya fara kauce wa hanya, don haka ka buɗe ido. Jan Biro ya ce maƙalar za ta ƙara fitowa fili in an sa hoto. Maimakon ya zana, sai Malam ya ce shi na gaske zai ɗauka, ya kai wa kafintan bakin titi aiki: allon katako goma sha biyu, kowanne gefe biyar, a haɗe su.

Ranar karɓa ya sami kafinta yana goge abin da takardar yashi, fensir maƙale a kunne.

"Ka ga dai aiki, gefe talatin da biyu cif," in ji Malam.

"Talatin dai, ranka ya daɗe."

"Da biyu."

"Ni ban yi boko ba, Malam, amma ni na shafa gam. Allo sha biyu, gefe biyar-biyar, sittin ke nan. Ko wane gefe da abokinsa suke haɗuwa. Sau talatin na shafa gam. In akwai biyu, to ba a shagona suke ba."

Malam ya ari alli, ya zauna a kan benci cikin garin katako, yana ƙirga yana sa alama. Talatin. Ya goge da hannun riga ya sake. Talatin. Ya tuna shayin nan, ya tuna biyun da bai cire ba, kunya ta rufe shi har ya kasa kallon mai fensir a kunne.

Ka ga illar taɓa abu da hannu. Da hoto ya zana, da har yau yana cikin kwanciyar hankali.

Mataki na 6: Kada ka yi jayayya da kanka, ya fi ka hujja

Malam ya dawo gida da katakon a hammata, ya sami Auta ta zo gaishe su, tana ba uwarta labari.

"Baba, yau na koyar da siffarka. Wata yarinya ta miƙe wai ita ta ƙirga a zane, talatin ta samu. Na ce mata ta zauna, mahaifina ne ya rubuta littafin. 'Yan aji suka yi mata dariya har ta yi kuka."

Shekara talatin da biyar abu guda Malam yake nanata wa ɗalibai: kada ku yarda don ni na faɗa, ku ƙirga. Yau ga wadda ta ƙirga an zaunar da ita da sunansa. Ya shige ɗaki ya buɗe kwamfuta, ya mai da talatin da biyu talatin.

Minti goma ba a yi ba Jan Biro ya mayar. Ya rubuta cikin ladabi cewa ƙirgen hannu bincike ne na kai, ba a karɓarsa, kuma majiyoyi uku sun ce talatin da biyu, ciki har da littafin malamin da ya yi shekara talatin da biyar yana koyarwa. Ya ƙare da tambaya: "Kai Mai Son Gaskiya, ka fi shi sani ne?"

In Malam ya yi shiru, maƙalarsa za ta zauna har bayan ransa da ƙarya a cikinta. In ya ce shi ne marubucin, ya karya doka, za a iya goge komai. Ya cire tabarau ya goge, ya mayar, ya rubuta da yatsa ɗaya: "Ni ne marubucin littafin. Na manta ban cire biyu ba. In gogewa za ku yi, ku goge."

Amsa ta zo nan take: "Kana da hujjar cewa kai ne shi?"

Mataki na 7: Yi shiru, ka ci nasara

Duba da kyau, ka ga na cika alkawari. Maƙala na nan daram, har an kulle ta don kada masu ɓarna irin Mai Son Gaskiya su sake taɓa ta. Abin da ya rage maka shi ne ka rufe kwamfuta, ka ba Hajiya katakon ta tare ƙofa da shi.

Malam bai bi wannan mataki ba. Washegari da safe ya sa rigar da yake zuwa aiki da ita, ya ɗauki katakon da sandar alli, ya tafi makaranta. Ya yi sallama a bakin ajin Auta, ya nemi izini kamar baƙo. Ya tambayi wace ce ta ce talatin. Yarinyar ta miƙe a hankali daga layin baya, kanta a ƙasa. Ya miƙa mata katakon da allin, ya ce ta fito ta ƙirga da ƙarfi kowa ya ji. Ta ƙirga, aji na amsawa, har ta tsaya a talatin.

"Ke ce da gaskiya," in ji shi. "Ni na yi kuskure, malamarku kuma ni ta bi. Ki yafe mana."

Auta ta juya wa allo fuska tana goge abin da babu. Malam ya bar wa yarinyar katakon, ya karkaɗe allin da ke hannunsa, ya fita.

Gargaɗi

Wannan ziyara ba ta cikin matakanmu, kuma ba mu san da ita ba, tunda ba a buga ta a ko'ina ba. Mai wannan jagora ba shi da alhakin zubewar girma, ko dariyar kafinta, ko kukan 'yar kowa. Duk wanda ya ƙirga da hannunsa ya sami talatin, shi ya jiyo. Yara arba'in da suka gani da idonsu ba majiya ba ce. A shafin dai har yanzu talatin da biyu ne, kuma makon jiya an ƙara masa hujja ta huɗu.