Teburin Shayi a Ƙofar Likitar Ido

A gidan Kawu Barau mai shayi, can bayan tashar garinmu, mutum uku ne: shi Kawun, da ɗan ƙanwarsa Nomau, da Tabawa matar Nomau. Kawu yana da faɗa, Tabawa tana da haƙuri, Nomau kuwa yana da biyayya irin wadda ke sa mai ba da umarni ya yi nadama. Duk abin da ka ce masa, haka zai yi shi, ba ragi ba ƙari. Ni na fi kowa sanin labarinsa, don a bencinsu na ƙarasa karatun da na baro a aji biyu.

Nomau ba ya gani sai da tabarau, tabarau kuma ba ya shiri da tururi. Da ya buɗe tukunya sai gilashin ya yi fari fat, ya sheƙa shayi a cinyar mai saye.

Wata rana Kawu ya ce masa in tururi ya rufe gilashin, ya tsaya cik sai ya gani sannan ya zuba. Nomau ya tsaya cik, fuskarsa a bakin tukunya, yana jiran gani. Tururi bai daina tashi ba, shi ma bai motsa ba, har direbobi shida suka tashi suka koma teburin gaba. Kawu ya rantse in Talata ta zagayo bai gyara idonsa ba, zai mai da shi ƙauye ya sa wani a teburin. Nomau bai iya komai ba a duniya sai shayi.

Wata rana ƙanwar Tabawa ta zo da labarin wani ɗan gilashi mai laushi kamar ɓawon albasa, ana ɗora shi a kan ƙwayar ido, tururi ba ya kama shi. Amma ta ce sai an auna idon mutum tukuna. Nomau ya wuce kai tsaye shagon tela. Tela ya ɗora masa tef a fatar ido, ya rubuta inci ɗaya da kwata a bayan kwalin sukari, ya tambaye shi ko da aljihu yake so.

Wata rana Tabawa ta ja shi zuwa asibitin ido. Likitar ta karanta kwalin sukarin, ta ajiye shi a hankali. Ta jera masa iri-iri: akwai na kwana ɗaya a yar, akwai na wata guda da ake wankewa a jiƙa cikin ruwan magani, akwai mai tauri, akwai mai launi na ado. Wajen gwaji ta ce ya rufe idon hagu da tafinsa, kada ya buɗe sai ta ce. Sai aka kira ta waje, ta dawo ta ci gaba da rubutu, ta sallame su. Nomau ya wuni yana yanka burodi da hannu ɗaya. Washegari ya koma, hannu a ido, ya ce, "Likita, in buɗe?"

Ta ce ya buɗe. Ta riga ta ware masa na wata guda, amma ta ce ya dawo ran Litinin ya nuna mata yadda yake aikinsa, don a zaɓi wanda ya dace da shi.

Wata rana, wato Litinin ɗin, Kawu ya fito da safe ya tarar babu tebur, babu benci, babu tukunya. Nomau ya loda su duka a kura ya tura har ƙofar asibiti, ya hura gawayi, ya ɗora ruwa. Likita ta fito za ta yi faɗa, sai ta tsaya. Ta ga hannun da ya yanka albasa da attaruhu ya fasa ƙwai, ya tsoma a bokiti ɗaya da ake ɗauraye kofuna a ciki tun asuba, ya goge a gefen riga. Ta tambaye shi a ina zai riƙa wanke gilashin. Ya nuna bokitin.

Ta shiga ta mayar da na wata guda cikin akwati, ta fito da na kwana ɗaya. Ta sa ya wanke hannu da sabulu sau biyu, ta koya masa sawa. Ta ce kullum ya sa kafin ya taɓa albasa, da yamma ya sake wanke hannu ya cire ya yar. Ta gaya wa Tabawa cewa da a ce da baki kawai ya ba ta labarin aikinsa, da ta ba shi abin da zai ɓata masa ido.

Ana haka Kawu ya iso yana haki, yana neman ɓarawon tebur. Nomau ya ce, "Zauna, Kawu." Ya buɗe tukunya, tururi ya tashi, ya ɗaga kofi har saman kansa ya sheƙa, ko ɗigo bai zuba ba. Kawu ya karɓa ya zauna a benci ya kurɓa.

Nomau ya zuba masa ido.

"Me kake kallo?" in ji Kawu.

"Shekara shida ina ba mutane shayi, Kawu, ban taɓa ganin fuskar mai sha ba. Ashe lumshe ido kuke yi."

Kawu ya shanye, ya ajiye kofin. Ya ce su tura kurar su koma, direbobi na jira. Shi Kawun ne ya kama gaba.