Salsalar Gidanmu a Hannun Baffa

Shekara biyu ina bin dattawan Gwandu ina rubuta salsalar gidanmu, na ajiye ta a intanet. Da na gama, sai na ga bai dace ƙarami kamar ni ya mallaki tarihin kakanni ba. Na hau babur har Kalgo, na mayar da mallakar fayil ɗin ga Baffa, babbanmu. Matata ta ce in ajiye kwafi, na ce ba ta san intanet ba.

Bayan mako guda fayil ya ɓace. Na kira Baffa.

"Na share shi, ɗana. Waya ta ce wuri ya cika, ga karatun malam ina son ɗauka."

Har yau, duk ranar suna sai 'yan'uwa su tambaye ni: "Za ka rubuta jaririn, ko a kai wa Baffa ajiya?"