Rasuwar Wayar Eriyar Gidan Boureima Direba

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kai a sunkuye, Boureima direba na Zongon Kotonu yana sanar da 'yan uwa da maƙwabta da abokan aikinsa na tasha rasuwar wayar eriyar gidansa, baƙar nan mai kauri da Malam Barau mai gyaran rediyo ke kira kabul. Ta cika ranar Lahadi bayan magariba, yau kusan mako uku ke nan. An makara da sanarwa ne don mai gawar ya kasa haɗa ido da kowa.

Marigayiyar ta shigo gidan shekara tara da suka wuce, a naɗe a kafaɗar Malam Barau. Shi ya kai ta kan kwano, ya ɗaura kanta a eriya, ya sauko da ƙafarta bayan talabijin. Ranar ya yanka bakinta ya nuna wa Boureima cikinta: jijiyar jan ƙarfe guda a tsakiya, farar roba ta lulluɓe ta, sai saƙar jan ƙarfe a kewaye, sannan baƙar riga. Ya ce jijiyar da saƙar gida ɗaya suke, amma duk ranar da suka taɓa juna hoto ya tafi. Ya kuma bar mata lanƙwasa mai tsawo a ƙasan indararo, don ruwan sama ya ɗige a nan maimakon ya bi ta ya shiga ɗaki. Boureima ya yi ta gyaɗa kai, alhali hankalinsa yana kan fasinjan Parakou.

Baiwar Allah ce mai haƙuri. Rana ta gasa ta, iskar teku ta lashe ta da gishiri, ba ta taɓa cewa uffan ba, in banda ƙwas-ƙwas ɗin da take yi a kan kwano idan hadari ya taso. Zamanin juyin juya hali ta ɗauko jawaban awa uku ba ta yi gyangyaɗi ba, ko da yake mu mun yi. Da aka buɗe babban taron ƙasa, maganganun da a da sai an waiga hagu da dama ake furta su, ta sauko da su tsakar gida da ƙarfi, mutane cike har bakin zaure. Ba a taɓa jin ta goyi bayan wata jam'iyya ba.

Ciwon ajalinta kuwa, a nan ne maganar take da nauyi. Wata Alhamis da asuba Boureima zai ɗaure buhun doya a saman motarsa, igiya ta gaza. To, kun san direba, duk abin da yake dogo a duniya igiya ne a wurinsa. Ya ɗaga ido ya ga lanƙwasar nan tana lilo, ya ce ai wannan ɓarna ce, ya yanke kamu biyu. Sauran bakin biyu ya feƙe su, ya murɗe jijiya da saƙa wuri guda yadda yake haɗa wayar fitilar mota, ya naɗe da robar taya, ya tura ƙarƙashin kwano. Har daɗin aikinsa ya ji, wallahi. Ya kama hanya, bai dawo ba sai Lahadi da la'asar, a tsakani kuma ba wanda ya kunna talabijin.

Lahadin nan ba irin kowace Lahadi ba ce. Ƙanensa Alassane, malamin makaranta da ya tsere daga ƙasar shekara goma sha ɗaya saboda bakinsa, ya aiko da wasiƙa cewa za a nuna shi a cikin shirin da aka yi da 'yan gudun hijira. Mahaifiyarsu, Hajiya Sahadatou, yanar ido ta rufe mata ido ɗaya, ɗayan ma yana bin sahu. Tun azahar ta yi wanka, ta sa turare, ta ce a ajiye mata kujera dab da gilashin talabijin, ko inuwar fuskar yaron ta gani kafin duhu ya gama shigowa.

Aka kunna. Shhhhhh. Shi ke nan kalmar ƙarshe ta marigayiya, ga allo fari fat yana yayyafi. Aka juya eriya gabas, aka juya yamma, aka mari talabijin. Kafin a samu zemijan, babur ɗin haya, a kai Hajiya gidan da ke da hoto, an wuce wurin Alassane. Minti uku aka ba shi, kuma waɗanda suka gani sun ce ya yi furfura.

Hajiya ta dawo tana tambayar wanda ya taɓa wayar. Wata maƙwabciya ta ce ta sha ganin zanen Raïmatou, matar Boureima, a shanye kusa da wurin. Nan da nan magana ta zauna: nauyin jiƙaƙƙen zane ne ya kashe waya. Boureima yana tsaye, ya san abin da ke ƙarƙashin kwano, ya buɗe baki ya ce, "To, ai mata sai haƙuri." Kaico! Tun daga ranar Hajiya ba ta amsa gaisuwar surukarta ba, ta daina cin tuwon hannunta, matan layi kuma suka sa wa Raïmatou suna mai shanya.

Jiya Malam Barau ya hau ya duba gawar. Ya warware robar, ya dubi murɗin, ya dubi Boureima. Ya ce, "Wannan ɗaurin tasha ne, Boureima. Zane ba ya murɗa waya." Sai ya sauko. Boureima ya ce da marinsa ya yi da ya fi masa sauƙi.

Marigayiyar ta bar eriya a kan gora tana kallon sama ba mai kai mata saƙo, da talabijin da ya koma madubin gyara hula, da ƙusoshi goma sha ɗaya a jikin bango. Ta bar kuma guntun jikinta kamu biyu, wanda har yau yana cikin but ɗin mota yana warin doya.

Za a sauko da ita gobe Juma'a bayan la'asar. Ba za a yi mata salla ba, liman ya riga ya harare mu. Za a shimfiɗa ta a tsakar gida, a sa murɗin a tafin Hajiya ta shafa da yatsunta, tun da ido ba zai nuna mata ba, Boureima kuma ya durƙusa ya faɗi wanda ya yi. Ana roƙon matan layi su zo da duk maganar da suka yaɓa wa Raïmatou, mai ita yana nan zai karɓa. Ba a bukatar goro ko sadaka.

Masu ta'aziyya su fara da ɗakin Raïmatou. Yau da safe da Boureima ya je zai faɗa mata gaskiya, ba ta bar tankaɗen da take yi ba. Ta ce, "Maigida, ai ni na miƙa maka wuƙar ran nan. Jira nake in ga kwana nawa za ka yi."